Tabon da Fenti Ya Rufe a Kudancin Kaduna

Shirinmu na yau a Kafanchan da kewayenta zai yada zango, amma sai mun fara bi ta birnin Dresden na ƙasar Jamus.

A tsakiyar watan Fabrairun 1945 jiragen yaƙin Ingila da Amurka suka yi wa Dresden ruwan bama-bamai, babbar majami'ar garin, Frauenkirche, ta ci wuta har ta rufta. Kusan shekara hamsin tulin duwatsunta na jibge a tsakiyar gari. Da aka tashi sake gininta, aikin da ya kammala a 2005, magina suka tsince tsofaffin duwatsun da za su moru suka mayar da su cikin bango. Yau wanda ya tsaya gabanta zai ga baƙaƙen duwatsu jefi-jefi cikin sababbi, ko yaro ya gani sai ya tambayi dalili. Gicciyen da ke ƙololuwarta kuwa a Ingila aka ƙera shi, kuma maƙerin ɗa ne ga ɗaya daga cikin matuƙan jiragen da suka kai harin.

Mu ma a nan muna da wuraren da jini ya zuba. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1992 taƙaddama kan sauya wa kasuwa mazauni ta jefa Zangon Kataf cikin faɗa a Fabrairu, sannan mafi muni a Mayu. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, Zonkwa da Matsirga da Kafanchan suka ga tashin hankali, kasuwar Kafanchan ta ƙone. Ka bi waɗannan wurare yau, sabon kwano za ka gani, da shaguna, da 'yan acaɓa suna ta kai da komo. Da wuya ka ci karo da ko allo ɗaya mai faɗin abin da ya faru. Shaidar da ta rage ita ce yadda unguwanni suka rabu, Musulmi nan, Kirista can. Wannan shiru kuwa bai shafe labarin ba, cikin ɗaki ya kora shi, inda kowane gida ke ba 'ya'yansa rabin labari: waɗanda aka kashe mana, ban da waɗanda namu suka kashe.

In aka ce a kafa alamar tunawa a nan, wani zai ce a bar kaza cikin gashinta, tuna baya fama gyambo ne. Wani kuma zai ce yaƙin Jamus tsakanin ƙasashe aka yi shi kuma ya ƙare, namu kuwa na maƙwabta ne, har yanzu ana kai hare-hare a ƙauyuka. Maganar ta biyu tana da nauyi ƙwarai. Alamar tunawa da ɓangare ɗaya ya kafa, da sunayen mamatansa kaɗai, tana iya zama tutar ramuwa, gara ma babu ita. Sai dai abin da wannan ke nunawa shi ne a kafa ta tare, kuma akwai tubalin farawa. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Mutanen da suka iya zama kan takarda ɗaya za su iya amincewa da jimla ɗaya a jikin dutse. Masu tsoron fami kuwa su duba: daga 1987 zuwa 2011 an gwada shirun, bai hana komai ba.

Bakin kasuwar Kafanchan ya fi ko'ina dacewa da alamar farko, domin nan ne Bajju da Atyap da Agworok da Fantswam da Hausawa da Fulani da Ibo suka yi asara tare. Masarautar Jema'a da sarakunan ƙabilun yankin, da limamai da fastoci, su ne ya kamata su zauna su tsara kalmomin da za a rubuta.