Mai Wuƙa da Mai Riƙewa: Wa Shari'a Ke Kamawa?

Masu sauraro da dama sun aiko mana da tambaya: in mutane suka haɗa baki don kashe wani, wa ke ɗaukar alhaki? Tarihin Madina yana da amsa.

A shekara ta 23 bayan Hijira, watau 644, Abu Lu'lu'a ya soki Halifa Umar ɗan Haɗɗabi da wuƙa a masallaci, lokacin sallar asuba. Ya kuma soki waɗansu mutum 13. Wasu suka rasu, wasu suka warke, shi kuwa ya kashe kansa. Da aka ce an ga Hurmuzan da Jufaina suna ganawa da shi kafin nan, sai Ubaidullahi ɗan Umar ya kashe su ba tare da shari'a ba. Sayyidina Aliyu ya ga a yi masa kisasi, amma Halifa Usman ya biya diyya daga dukiyarsa. Ba wanda ya ce zato kaɗai ya isa hujja.

In kuwa haɗin baki ya tabbata, hukunci yana da tsanani. Umar da kansa ya taɓa sa a kashe jama'a saboda mutum ɗaya da suka taru suka hallaka a San'a. Imam Malik, malamin Madina, ya ce wanda ya riƙe mutum, yana sane cewa kashe shi za a yi, shi ma a kashe shi. Abu Hanifa da Shafi'i sun ce mai wuƙa kaɗai za a kashe, mai riƙewa a hore shi.

To, in wanda aka nufa bai mutu ba fa? Nan babu kisasin rai. Sai a duba raunin, a yi kisasinsa ko a biya diyya. In babu rauni, alƙali ya yi ta'aziri, watau horon da ya ga ya dace, ga mai aikatawa da mai zuga shi da mai ba shi makami.

Dokar laifuffuka ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ta mai da yunƙurin kisa da taimaka masa laifuffuka. Saboda haka tsirar wanda aka nufa tana sassauta hukunci ne kawai. Ba ta wanke wanda ya kitsa abin. Amma wajibi ne a tabbatar da niyyar kowa da rabonsa cikin aikin a gaban alƙali.