Ƙananan Kalmomi Masu Ɗauke da Dukiyar Jama'a

Duk ɗalibin kimiyyar halittu ya san cewa ƙasusuwa kaɗai ba su isa su tsayar da jiki ba, sai da gaɓoɓi da jijiyoyin da ke ɗaure su. Haka zance yake. Kalmomin da ke ɗaure jimla da jimla, irin su “da”, “kuma”, “amma” da “saboda”, su ne masana nahawu ke kira mahaɗai. Ƙanana ne, amma a rahoton shekara-shekara da kamfani ke miƙa wa masu hannun jari, sukan iya karkata hukuncin mai karatu a kan dukiyarsa.

A shekarar 1976, masana harshe biyu, Michael Halliday da Ruqaiya Hasan, suka fitar da littafin Cohesion in English, inda suka kasa mahaɗai gida huɗu. Akwai na ƙari, kamar “kuma”. Da na saɓani, kamar “amma” da “duk da haka”. Da na dalili, kamar “saboda haka”. Sai na lokaci, kamar “sannan”.

A dubi waɗannan jimloli biyu: “Ciniki ya ƙaru, amma riba ta ragu,” da kuma “Riba ta ragu, amma ciniki ya ƙaru.” Labarin ɗaya ne, alƙaluman ma ba su sauya ba. Sai dai abin da ya biyo bayan “amma” shi ke zama a zuciyar mai karatu. Jimlar farko gargaɗi ce, ta biyu kuwa lallashi.

Mahaɗan dalili sun fi buƙatar lura, domin duk wanda ya ce “saboda” ya yi iƙirarin cewa wani abu ne ya haddasa wani. A ɗakin gwaji ba a karɓar irin wannan iƙirari sai da hujja, tunda aukuwar abu bayan wani ba ta nuna cewa na farkon ne sanadi ba. A shekarar 1983, James Bettman da Barton Weitz suka nazarci wasiƙun da shugabannin kamfanonin Amurka suka rubuta wa masu hannun jari a cikin rahotanninsu. Sun gano cewa idan sakamako ya yi muni, an fi jingina shi ga abubuwan da suka fi ƙarfin kamfani, fiye da yadda ake yi idan ya yi kyau. Wato dai laifi tudu ne. Har ila yau, a shekarar 2008, binciken Feng Li ya nuna cewa rahotannin kamfanonin da ribarsu ta yi ƙasa sun fi wuyar karantawa.

Wannan ba ya nufin kowane “amma” yaudara ce. Rahoton da ba shi da mahaɗai tarin alƙaluma ne kawai, ba mai gane inda ya dosa. Abin da ake bukata shi ne auna kowane mahaɗi da alƙaluman da ke shafukan lissafi.

Malamai na iya gwada wannan a aji. A raba wa ɗalibai shafi guda na jawabin shugaban wani kamfani, su ja layi ƙarƙashin kowane mahaɗi, su ware shi gidansa, sannan a gaban kowane “saboda” su nemo adadin da ya tabbatar da shi. Inda aka rasa adadi, nan ne mai hannun jari ya kamata ya ɗaga hannu a babban taron shekara.