Dokar Tarho da Kiran Gaggawa: Daga Layin Tarayya Zuwa Lamba 112

Abin da ake nufi da layin tarayya shi ne wayar tarho guda da ake ja zuwa gidaje da dama, ta yadda in mutum ɗaya yana magana, dole sauran su jira. Wannan tsari ya yi tashe a ƙauyukan Amurka cikin ƙarni na 20. Saboda haka jihohi da dama, ciki har da Kalifoniya, suka mayar da shi laifi mutum ya ƙi sakin layi bayan an gaya masa gobara ta tashi ko ana neman likita. Layin ya kau, ya bar dokoki masu hukunta laifin da da wuya a sami halin aikata shi.

Tamu tarayyar ta bambanta. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu na kamfanin NITEL ne, wanda aka kafa a 1985. A unguwa kamar Tudun Wadan Zariya, tarhon gida ɗaya ko na shago ɗaya shi ne na maƙwabta. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ƙofar mai tarho ake bugawa, kuma kunya da zumunci ke sa ya buɗe, ba tsoron hukuma ba.

Dokar Sadarwa ta 2003, wadda ta maye gurbin dokar soja ta 1992, ta bi wata hanyar. Maimakon ta ɗaure kanta da wata na'ura, sai ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, alhakin ware lamba guda domin neman agaji. Lambar ita ce 112, kiranta kyauta ne, kuma hukumar ta gina cibiyoyin amsa kira a Abuja da jihohi masu yawa. A ganina hikimar ke nan, domin na'ura na tsufa, buƙatar agaji kuwa tana nan.

Sai dai akwai abin lura ga malami. Wayar girke tana da adireshi, ta hannu kuwa yawo take yi. Don haka yaron da aka koya wa 112 a aji, a haɗa masa da yadda zai yi kwatance a taƙaice: abin da ya faru, sunan unguwa da layi, da masallaci ko makaranta mafi kusa. Kada kuma ya kashe wayar sai an sallame shi.