Jiragen ruwa na cikin kwali: abin da ya kamata a duba kafin a saya

Tamale na da nisan kusan kilomita 600 daga Akkara da bakin teku, amma duk ɗan kasuwar da ke saro kaya ya san cewa mafi yawan hajarsa ta jirgin ruwa take isowa tashar Tema kafin ta hau tirela zuwa kasuwar Aboabo, ko ta zarce Paga da Bawku. Daga cikin kayan da kan faɗo hannun 'yan kasuwa akwai ƙananan jiragen ruwa na roba, waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, mai saye ya haɗa da kansa. Wanda bai san kansu ba sai ya ɗauka kayan wasan yara ne, alhali manya ne ke tara su.

Abu na farko shi ne lambar da ke jikin kwalin. Idan an rubuta 1/700, to an rage girman jirgin sau 700 ke nan. Misali, Titanic da ya nutse a 1912 tsawonsa mita 269 ne. A ma'aunin 1/700 zai kai santimita 38, a 1/350 kuwa kusan 77. Masu tarawa sun fi son jiragensu su zama ma'auni ɗaya, don idan an jera su a ga babba a ga ƙarami.

Ga mai farawa, jirage uku sun isa. Na farko shi ne jirgin fasinja irin Titanic na kamfanin Revell, domin sananne ne kuma haɗa shi da sauƙi. Na biyu jirgin yaƙi, kamar Yamato na Japan da aka nutsar a 1945, wanda kamfanin Tamiya ya yi suna da shi. Na uku jirgi mai tafiya da iska, irin Cutty Sark na Ingila da aka ƙera a 1869. Wannan a bar shi sai hannu ya faɗa, saboda ɗaura zarurrukansa na cin makonni. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce.

Sai dai kuma akwai inda ake asara. Kwalin da aka buɗe, musamman na cikin kayan gwanjo, a ƙirga gutsattsarinsa da takardar bayani a hannu, domin guda ɗaya in ya ɓace jirgin ba zai kammalu ba. Galibi gam da fenti ba sa cikin kwali, don haka mai sarowa ya haɗo da su. Bugu da ƙari, zafin watan Maris a Tamale kan kai digiri 40, kuma roba na lanƙwashewa a shagon kwano, ga ƙurar hunturu da ke manne wa ɗanyen fenti. A ajiye su a inuwa, wanda aka gama haɗawa kuma a sa shi cikin gilashi.

Wanda ya ƙware, sai ya waiwayo gida. Gana ta kafa kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line a 1957, ga kuma Yapei Queen da ya shahara wajen jigilar fasinja da doya tsakanin Yeji da Akosombo. Hannun da ya ƙera motar kara yana yaro ba zai kasa fitar da siffarsu da katako ba.