Bidiyon awa guda a minti tara: me na'ura ke ɗauka, me take zubarwa?

A ƙarshen watan Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka kuma sake buɗe kasuwar shanun garin bayan ta shafe shekaru a rufe. Mazaunin Magajin Gari ganau ne. Sauran jama'a kuwa, guntayen bidiyo ne suka iso wayoyinsu, kuma a kansu aka tafka muhawara. Har yanzu galibi mutum ne ke yanka irin waɗannan guntaye, sai dai aikin ya fara komawa hannun manhajojin ƙirƙirarriyar basira.

Manhajar ba ta kallo irin namu. Tana tsinto hotuna daga bidiyon, sau da yawa biyu a kowace daƙiƙa, ta miƙa su ga wani tsarin lissafi da aka gina bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Tsarin zai ba kowane sashe maki gwargwadon muhimmancinsa, sannan a harhaɗa masu rinjaye. A gwaje-gwajen masana, taƙaitawar ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari na tsawon bidiyon, wato minti tara a awa guda.

To, wa ya koya mata abin da ke da muhimmanci? Shahararrun rumbunan da ake horarwa da gwaji da su biyu ne: SumMe na 2014 mai bidiyo 25, da TVSum na 2015 mai bidiyo 50 daga YouTube, inda mutum 20 suka ba sassan kowane bidiyo maki. Abin da ke ciki ya haɗa da canza tayar mota, gasar karnuka, fareti da kiwon zuma. Babu zaman sulhu ko ɗaya.

Na'urar da ta tashi a irin wannan makaranta motsi da sauyin hoto take bi. Hakan na da amfani idan ana tace awanni na hoton da jirgi marar matuƙi ya ɗauko a saman dajin Kamuku, inda ayarin babura na 'yan daƙiƙoƙi shi ne labarin. Zaman sulhu kuwa akasin haka ne. Dattijo na iya yin minti goma a zaune, kyamara ba ta gusa ba, alhali a nan ne yake gindaya sharaɗi kan gonaki da burtali. Manhaja mai dogaro da hoto za ta fi karkata ga musabaha da bindigar da ke rataye a kafaɗa.

Sababbin manhajoji kan fara mayar da magana rubutu kafin su taƙaita, amma jin Hausarsu bai kai na Ingilishi ba, balle Fulatanci, balle kuma a fili mai iska da hayaniya. Kalmar "idan" guda ta faɗi, alkawari mai sharaɗi ya koma miƙa wuya.

Saboda haka, kafin ka tura guntun bidiyo gaba, nemi cikakkensa, ka saurari minti biyun da suka gabaci wurin da aka yanka da biyun da suka biyo baya.