Ko Kun Sani? Nasarawa GRA Gandun Sarki Ce a Da

Filin da unguwar Nasarawa GRA take a kai, kafin zuwan Turawa, gandun Sarkin Kano ne, da gidan hutawarsa a ciki. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, nan suka yada zango, a bayan ganuwa, gonaki suka riƙa komawa gidaje da ofisoshi.

A Nasarawar ce kuma Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. A wancan zamanin ne aka shigo da harajin taki: malaman taki su bi gona gona suna aunawa da ƙafa, su rubuta sunan mai ita da faɗinta. Daga baya ofishin safiyo na En'e ya zana taswirorin gonakin gundumomin da ke kewaye da birni. Kuɗin haraji ake nema, ba tarihi ba, amma aikin ya adana sunayen kakannin mutane da iyakokinsu. Irin waɗannan taswirori wata mai bincike, Polly Hill, ta duba lokacin bincikenta a Ɗorayi, wanda ta wallafa a 1977.

Mai neman gonar gidansu yau sai ya ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan'adam, ya bi abin da bai cika gusawa ba: rafi, layin dogo, maƙabarta, tsohuwar kuka. Sai dai gano wurin ba ya mayar da gona. Tun 1978 doka ta damƙa filaye a hannun gwamna, takardar mallaka ake tambaya.