Baturen da ya bi sawun jan-baki

Ɗan'uwa manomi, ka san jan-baki. In hatsi ya fara ƙosawa sai ka hango su sun taso kamar hayaƙi. Yara su kwana biyu suna ihu, suna buga gwangwani, suna jifa da majaujawa. Wani lokaci duk da haka zangarniya ta koma fayau. Daga Sae Sabuwa har Agye da Gazawa babu manomin da bai san wannan baƙin ciki ba.

Yau za mu ba ka labarin wani masani da ya ba da rayuwarsa ga binciken wannan tsuntsu. Sunansa Peter Ward, mutumin Ingila ne. A farkon shekarun 1960 ya yi aiki a ƙasar Barno, kusa da tabkin Cadi, cikin Najeriya. Tambayarsa guda ce: mene ne jan-baki yake ci, kuma ina yake zuwa in ya ɓace?

Wata bayan wata yana kama tsuntsaye, yana duba abin da ke cikinsu. A 1965 ya buga sakamakon aikinsa. Ya gano cewa ainihin abincin jan-baki tsabar ciyawar daji ce. Duk rani ita yake tsinta a ƙasa. Gona yake faɗa wa in tsabar daji ta yi wuya, ko in ya tarar da hatsi da dawa a kan hanyarsa.

A 1971 ya bayyana tafiyarsu. In ruwan farko ya sauka, tsabar da ke ƙasa sai ta tsiro, abinci ya ƙare musu rana ɗaya. Dole su yi kudu, inda damana ta riga ta sauka da makonni, ciyawa ta yi sabuwar tsaba. Daga nan su biyo ciyawa suna komowa arewa, suna yin sheƙa a hanya. Ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 10 kacal. Shi ya sa suke iso mu da tarin ƴaƴa daidai lokacin da amfani ke nuna.

A 1973 shi da wani masanin Isra'ila, Amotz Zahavi, suka kawo wani bayani. Suka ce makwancin tsuntsaye kamar dandalin gari yake, wurin jin labari. Wanda ya kwana da yunwa, da safe sai ya bi wanda ya ƙoshi jiya. Masanan tsuntsaye a duniya sun daɗe suna gardama a kan wannan magana, suna gwada ta a kan hankaki da wasu tsuntsaye.

Babban abin da ya bar mana shi ne batun kisa. A wancan zamani ana fesa guba da jirgin sama a makwancinsu, ana kashe miliyoyi. A 1965 ƙasashen yankinmu, har da Nijar, suka kafa ƙungiyar OCLALAV don yaƙi da fara da tsuntsaye. Ward ya ce kisa ba zai ƙarar da jan-baki ba. Yunwar farkon damana kan kashe da yawa kowace shekara, waɗanda suka rage su sake haihuwa su cike gurbi. Shawararsa ita ce a kashe ƙarfi a kan garken da ke kusa da gonaki lokacin da amfani ke cikin haɗari, sauran a ƙyale su. Ya rasu a 1979. Masana da yawa sun ɗora a kan aikinsa, har a 1989 aka buga babban littafi a kan jan-baki kaɗai.

To, mene ne naka a ciki?

Ku yi shuka tare da maƙwabta. In gonaki sun nuna lokaci ɗaya, ɓarna takan rarrabu. Gonar da ta nuna ita kaɗai, ita ce tuwon tsuntsu.

Ka nemi iri mai saurin nuna, kamar HKP na INRAN, mai cibiya a Tarna kusa da Maraɗi. Hatsi mai gashi a zangarniya shi ma yana ba tsuntsu wuya.

Ka yi noma da kyau. Ciyawar da ta yi tsaba cikin gona ita ke fara kiransu.

Ka tsananta tsaro da sassafe da kuma la'asar, lokacin cinsu ke nan. In hatsi ya ƙosa kada ka yi jinkirin girbi.

In ka ga inda suke kwana ko sheƙa cikin ƙayoyi, ka gaya wa malamin gona tun da wuri. Kada ka taɓa guba da kanka, kada yara su ci tsuntsun da aka fesa wa magani.

Ka karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba tukuna. Allah ya ba mu damana mai albarka.